Yadda ake gane inda aka ƙera jita da shekarar da aka ƙera ta

Jita mara lantarki takan ɗauki tarihinta a wurare huɗu: takardar da ke manne a cikinta, lambar da aka buga a katakonta, yadda aka haɗa katakon, da ƙarafan da aka ɗaura mata. Kowanne a cikinsu yana iya ɓatar da mutum idan shi kaɗai aka dogara da shi. Takarda takan ɓare a manna wata, lamba takan maimaitu bayan shekara goma, kunnuwan ɗaure tsirkiya kuwa ana yawan canza su. Saboda haka ka ɗauke su tamkar shaidu a gaban alƙali: ba a yanke hukunci sai aƙalla uku sun faɗi magana ɗaya, kuma babu wanda ya ari bakin wani.

Akwai ƙa'ida guda da za ta yi maka jagora tun daga farko har ƙarshe. Abin da ya fi komai sabunta a jikin jitar, matuƙar da shi ta fito daga masana'anta, shi ne ke nuna shekarar da ba za ta wuce ta a tsufa ba. Tsohon abu kuwa ba ya tabbatar da tsufa, domin masana'anta takan ajiye kaya shekaru kafin ta yi amfani da su.

Kayan aiki da shiri

Kana bukatar ƙaramar tocila, ƙaramin madubi mai mariƙi irin na likitan haƙori, rula ko tef ɗin awo mai nuna milimita da inci, wayar da ke ɗaukar hoto sosai, da tawul mai laushi da za ka shimfiɗa jitar a kai. Sassauta tsirkiyoyin har hannunka ya iya shiga ramin sauti ba tare da ka goge bakin ramin ba. Idan jaki, wato katakon da tsirkiyoyin ke ɗaure a kansa, ba a manne yake da gam ba, ka sa alama da ɗan tef ɗin takarda a inda yake kafin ka sassauta, domin zai zame.

Kafin ka taɓa komai, ɗauki hoton gaba, baya, kai ta fuska biyu, dunduniyar wuya, jaki, da takardar ciki. Kada ka jiƙa takardar don rubutun ya fito, kada ka goge ta da yatsa. Tawadar da aka buga kwanan wata da ita a tsofaffin jita ba ta jure ruwa, shafa ɗaya ya isa ya tafi da ita. Idan rubutun ya dushe, haska tocilar daga gefe, a kwance, ka ɗauki hoto ka ƙara girmansa. Lambar da aka danna a katako ta fi fitowa da hasken gefe fiye da hasken da ya faɗo mata kai tsaye.

Mataki na farko: karanta takardar ciki kalma bayan kalma

Mutane sukan karanta suna da lamba su tsaya. Abin da ya fi amfani sau da yawa shi ne ƙananan rubutun da ke ƙasa: sunan gari, adireshi, da yadda aka rubuta sunan ƙasa.

Sunan ƙasa kaɗai yana iya yanke maka shekaru da yawa. "Made in Occupied Japan" na tsakanin 1947 da 1952 ne. "West Germany" ko "Western Germany" yana nufin tsakanin 1949 da 1990, haka ma "GDR" ta Jamus ta Gabas. "Czechoslovakia" ta rabu biyu a ƙarshen 1992, "USSR" kuma ta ƙare a 1991. Wanda ya fi rikita mutane shi ne "Republic of China": wannan Taiwan ce, ba babbar ƙasar Chaina ba. Idan adireshin Amurka yana ɗauke da lambar gidan waya mai alƙaluma biyar, to ba a buga takardar kafin 1963 ba. Adireshin intanet yana kai ka tsakiyar shekarun 1990 zuwa sama. Hoton kwandon shara mai tayoyi da aka soke da gicciye, wanda ake gani a jita mai na'urar ƙara sauti, ya fara ne daga 2005.

Ka kula da kalmar da ta zo kafin sunan ƙasar. "Designed in" ba ta nufin can aka ƙera. Jita da yawa suna ɗauke da sunan Amurka ko Japan da manyan haruffa, alhali ainihin ƙasar tana kan wata ƙaramar sitika a bayan kai ko a dunduniyar wuya, sitikar da takan ɓare cikin 'yan watanni. Duba wuraren nan biyu da hasken gefe. Sau da yawa za ka ga sawun gam mai kusurwa huɗu ko wani ɗan wuri da launinsa ya fi na kewayensa haske.

Wasu kamfanonin sun yi ta ƙaura, don haka sunan gari shi ne kalandarsu. Guild ta fara a New York, ta koma Hoboken a 1956, ta tare a Westerly a ƙarshen shekarun 1960 ta zauna har 2001, daga nan Corona, sai Tacoma, sai New Hartford, sannan Oxnard ta jihar Kalifoniya. Yamaha kuwa sunan kamfanin Nippon Gakki ne har 1987. Amma ka yi hattara da tsohuwar Martin: kamfanin ya bar New York zuwa Nazareth ta jihar Pennsylvania tun 1839, amma ya ci gaba da buga "New York" a jikin jitarsa har 1898.

Mataki na biyu: nemo lambar

Leƙa ramin sauti ka kalli wajen wuya. Za ka ga wani guntun katako mai kauri wanda wuya ke shiga cikinsa. Nan ne gidan lamba a jita da yawa. Idan babu, duba bayan kai, saman takardar ciki, haƙarƙarin (siririn katakon da ke tallafe fuskar jita ta ciki) da ke gicciye daf da bakin ramin ta ɓangaren wuya, da siririn katakon da ya bi tsakiyar baya ta ciki. Daga nan sa madubi ka duba ƙarƙashin fuskar jitar. Wasu maƙera, musamman na Jamus da masu aikin hannu, a nan suke rubuta kwanan wata da fensir ko su buga da hatimi.

Rubuta lambar a takarda, ka ƙirga alƙalumanta, ka lura ko akwai harafi a gaba ko a baya. Yawan alƙaluman shi kansa labari ne. Kada ka haɗa lambar samfuri da lambar siriyal: D-28, J-45, FG-180 sunayen samfuri ne, dubban jita na ɗauke da su.

Mataki na uku: fassara lambar bisa tsarin kamfanin

Martin ta fi kowa sauƙi. Tun 1898 take jera lambobinta bi da bi, ta fara daga 8000, kuma tana wallafa lambar ƙarshe ta kowace shekara. Shekarar 1950 ta rufe da 117961, 1960 da 175689, 1970 da 271633, 1980 da 430300, ta kuma haura miliyan ɗaya a 2004. Jita mai lamba 190000 ta faɗa tsakanin ƙarshen 1962 da ƙarshen 1963, don haka ta 1963 ce. Lambar tana kan katakon wuya na ciki, kuma tun daga 1930 ake buga sunan samfuri a samanta. Lambar ba ta faɗin ƙasa. Martin tana da masana'anta a Navojoa ta Meziko inda ake yin samfura masu sauƙin kuɗi, sai ka karanta hatimin ko takardar ciki ka gani.

Gibson ita ce mai wahala, kuma a nan aka fi yin kuskure. Daga 1977 ta kawo tsari mai alƙaluma takwas da ake dannawa a bayan kai: alƙalami na farko da na biyar su ne shekara, na biyu zuwa na huɗu ranar shekara, ukun ƙarshe kuma matsayin jitar a aikin ranar. Ɗauki 91234015. Na farko 9, na biyar 4, wato 1994. Rana ta 123 ita ce 3 ga Mayu. Tunda kamfanin ya mayar da aikin jita mara lantarki Bozeman ta jihar Montana a 1989, wannan daga can ta fito. Kafin a rufe tsohuwar masana'antar Kalamazoo a 1984, ukun ƙarshen nan suna nuna wuri: 001 zuwa 499 Kalamazoo, 500 zuwa sama Nashville. Tsakanin 1975 da 1977 an yi amfani da lambar da aka manna maimakon dannawa, inda 99 a farko ke nufin 1975, 00 ke nufin 1976, 06 kuma 1977.

Matsalar tana tsakanin 1961 da 1975, lokacin da Gibson ta yi ta maimaita lambobi, har lamba ɗaya ta iya dacewa da shekaru uku ko huɗu. A nan dole ka koma ga jiki. Rubutun "Made in USA" da aka danna ƙarƙashin lamba ya fara ne a 1970. Ɗan tudun da ke bayan wuya inda ya haɗu da kai na shekarun 1970 ne. Samfurin J-45 kafaɗunsa zagayayyu ne tun fitowarsa a 1942, sai a 1969 aka mayar da su masu kusurwa. Ga wadda ta girmi wannan zamani, duba katakon wuya na ciki, akwai lambar odar masana'anta da aka buga da tawada. Daga 1952 zuwa 1961 tana farawa da harafi, haruffan kuma baya-baya suke tafiya: Z ita ce 1952, Y 1953, X 1954, a haka har Q wadda ita ce 1961. Tutar da ke kan kai mai rubutun "Only a Gibson Is Good Enough" ta shekarun yaƙi ce, 1942 zuwa 1945.

Taylor tana faɗin komai a lambarta. Daga Nuwamban 2009 alƙaluma goma ne: na farko masana'anta, 1 El Cajon ta Amurka, 2 Tecate ta Meziko, na biyu da na bakwai shekara, na uku da na huɗu wata, na biyar da na shida rana. Lamba 2109185042 tana nufin Tecate, 18 ga Satumba 2015, jita ta 42 a ranar. Daga 1993 zuwa 1999 alƙaluma tara ne masu farawa da shekara, wata da rana, daga 2000 zuwa 2009 kuma goma sha ɗaya, shekarar a rubuce cikakkiya. Ranar da lambar ke nunawa ita ce ranar da aka fara aikin jitar, ba ranar da aka gama ba.

Yamaha tana da tarko nata. Tsarin da ya daɗe mai alƙaluma takwas yana ba da alƙalami ɗaya tak na shekara, sai wata, sai rana. Lamba 40815123 tana nufin 15 ga Agusta na shekarar da ta ƙare da 4, amma 1974 ce, ko 1984, ko 1994? Lambar ba za ta faɗa ba, sai takardar ciki. Jar takarda mai sunan Nippon Gakki ta ƙarshen shekarun 1960 ce zuwa farkon shekarun 1970, a Japan. Daga farkon shekarun 1970 yawancin aikin ya koma Kaohsiung ta Taiwan, daga baya Indonesiya da Chaina. Inda ka ga haruffa a madadin alƙaluma, H ita ce 1, I 2, J 3, a jere har P wadda ita ce 9, Q kuma sifili.

A tsofaffin jita na Japan, haska gefen ciki ka nemi wasu alƙaluma da aka raba da ɗigo, kamar 46.5.20. Wannan kalandar mulkin sarkin Japan ce. A zamanin Showa sai ka ƙara 1925 a kan alƙaluman farko, ka sami 20 ga Mayu 1971. A zamanin Heisei, wanda ya fara a 1989, 1988 ake ƙarawa. Mutane da dama sun ɗauki irin wannan 46 a matsayin 1946, sun ƙara wa jitarsu shekara 25 da ba nata ba.

Epiphone misali ce mai kyau ta suna ɗaya da masana'antu barkatai. Gibson ta saye ta a 1957, aka yi ta a Kalamazoo, aka mayar da ita Japan a 1970, sai Koriya ta Kudu a shekarun 1980, sannan Chaina da Indonesiya. Harafin farko na lambar yakan nuna masana'anta: S Samick, U Unsung, I Saein, P ko R Peerless, duk a Koriya, SI Samick ta Indonesiya, EA masana'antar Qingdao ta Chaina. Alƙaluman da ke biye shekara ce da wata. Sigma ma haka take: Martin ce ta kafa sunan a 1970 don jita da ake yi mata a Japan, aikin ya koma Koriya a shekarun 1980.

Harmony ta Chicago, wadda ta rufe a 1975, lambarta mai H a tsakiya ba ta nuna shekara, abin da ke bayan H ɗin samfuri ne. Shekarar tana wani ƙaramin hatimi dabam a cikin baya, F ko S da alƙaluma biyu, kamar F-66.

Shafukan intanet masu fassara lamba kai tsaye suna da amfani, amma su lissafi kawai suke yi. Ka ba su lambar jabu mai tsari daidai, za su ba ka rana da wata.

Mataki na huɗu: idan babu suna, babu lamba

Yawancin jita da ke hannun mutane a wannan rukunin suke, kuma a nan aikin ya fi daɗi. Ba lallai ka kai ga shekara ɗaya ba, amma za ka iya kaiwa ga ƙasa da tazarar shekara goma.

Ka fara da taswirar gaba ɗaya. Jita mai sauƙin kuɗi ta yi ƙaura daga ƙasa zuwa ƙasa tana bin arahar aiki: Chicago da Turai har shekarun 1960, Japan a shekarun 1960 da 1970, Koriya da Taiwan daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa shekarun 1990, Chaina da Indonesiya daga nan zuwa yau. Masana'anta ɗaya takan yi wa 'yan kasuwa goma jita iri ɗaya, kowa a manna masa sunansa. Don haka idan sunan baƙo ne, daina neman sunan, ka nemi 'yan uwanta: siffar kai, zanen da ya kewaye ramin sauti, siffar jaki, da yadda aka yanke ƙarshen allon yatsu, wato katakon da ke kan wuya inda ake danna tsirkiya.

Sa madubi ka kalli haƙarƙarin da ke ƙarƙashin fuska. Idan biyu sun gitta juna kamar harafin X a ƙasan ramin sauti, tsarin Martin ne wanda kusan duk masu yin jita mai tsirkiyar ƙarfe suka ɗauka. Idan a jere suke a gicciye kamar matakan tsani, wannan ya fi yawa a jita masu araha na Chicago, Jamus da Tarayyar Sobiyet kafin shekarun 1970. Idan sun bazu kamar mafici daga ramin zuwa ƙasa, jitar tsirkiyar nailan ce ta tsarin Sifaniya, wanda Antonio de Torres ya daidaita a ƙarni na 19. Irin wannan kada a kuskura a sa mata tsirkiyar ƙarfe, fuskar za ta kumbura jaki ya ɗaye.

Sannan ka kalli yadda wuya ya shiga jiki. A tsarin Sifaniya da Latin Amurka wuya da katakon ciki abu ɗaya ne, za ka ga ƙafarsa ta miƙe a kan baya ta ciki kamar tafin takalmi. Faranti mai sukuru huɗu a bayan jiki ya zama ruwan dare a jita na Eko ta Italiya da wasu na Japan na shekarun 1960 zuwa 1970. Rami guda a dunduniya mai ƙarfe mai kusurwa huɗu a ciki, wanda ake juyawa da mabuɗi don ɗaga wuya, alama ce mai ƙarfi ta Tarayyar Sobiyet da gabashin Turai, musamman idan tsirkiya bakwai ce, ko an buga farashi a kan takardar ciki. Ƙarin firet (siririn ƙarfen da ke gicciye a allon yatsu) daf da kai, wanda tsirkiya ke kwanciya a kansa kafin firet na farko, al'adar maƙeran Jamus da Italiya ce, Japan ma ta kwaikwaya a shekarun 1960.

Auna tsawon tsirkiya: daga inda ta bar kai zuwa tsakiyar firet na 12, ka ninka biyu. Kada ka auna zuwa jaki, domin ana ɗan karkata shi. Milimita 645 ko 632 awon Martin ne, wajen 628 na Gibson, 650 kuma na jitar nailan. Awon ba ya tabbatar da kamfani tunda masu kwaikwayo sun kwafe shi, amma yana iya ƙaryata shi.

Duba kaurin katako a bakin ramin sauti. Idan layukan da ke fuska sun gangaro ta kaurin bakin, katako ɗaya ne. Idan ka ga falle uku a manne, filawud ne. Ga baya kuma, nemi wata alama a ƙwayar katakon ta waje, ka leƙa ko tana nan a daidai wurin ta ciki.

Irin katakon ma yana da shekarunsa. Martin ta daina amfani da katakon rosewood na Burazil a manyan samfuranta a ƙarshen 1969 ta koma na Indiya, a 1992 kuma yarjejeniyar CITES, mai kare itatuwa da dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, ta hana cinikinsa tsakanin ƙasashe sai da takardu. A Janairun 2017 aka sa dukkan dangin wannan katako ƙarƙashin takunkumi, aka sassauta wa kayan kiɗa a ƙarshen 2019. A tsakanin nan kamfanoni da yawa sun koma katakon pau ferro, laurel ko walnut a allon yatsu. Jitar masana'anta mai allon yatsu mai hasken ruwan ƙasa irin wannan, akwai yiwuwar daga 2017 take zuwa sama.

Mataki na biyar: ƙarafa da fenti

Ƙarfen da ke cikin wuya, wanda ake daidaita lanƙwasarsa da shi, shaida ne mai wuyar canzawa. Gibson ta fara sa shi tun farkon shekarun 1920, kan nasa noti ne na tagulla mai awon 5/16 na inci, a ƙarƙashin murfi mai siffar ƙararrawa da sukuru biyu. Masana'antun Asiya sun fi amfani da ramin alanki na milimita 4 ko 5, da murfi mai sukuru uku. Martin ba ta sa wanda ake juyawa ba sai a 1985, kuma ta cikin ramin sauti ake isa gare shi. Don haka "Martin" mai murfi a kai, ko "Gibson" mai ramin alanki da sukuru uku, ta riga ta tona kanta. Cire murfin ka duba, amma kada ka juya ƙarfen.

Kunnuwan ɗaure tsirkiya suna taimakawa idan na asali ne. Kwance ɗaya ka duba ƙarƙashinsa: ƙarin ramukan sukuru, ko sawun wani faranti mai siffa dabam a fenti, yana nuna an canza su. Idan babu, karanta abin da ke jikinsu. Kunnuwan kamfanin Kluson masu layi ɗaya na rubutu a tsakiya na tsakiyar shekarun 1950 ne zuwa 1964, masu layi biyu kuma daga nan zuwa ƙarshen shekarun 1960. Kunnuwan Schaller rufaffu na samfurin M6 sun fito a 1966. Sukuru mai tsaga ɗaya ko'ina a jiki yana nuna tsufa, mai gicciye ya yaɗu a jita ne daga shekarun 1950.

Idan jitar tana da maɓallin ƙara sauti na asali, bayan gwangwanin maɓallin yakan ɗauki lamba. A na Amurka, 137 kamfanin CTS ne, 304 Stackpole, abin da ke biye shekara ce da mako: 1377643 na nufin mako na 43 na 1976. Jitar ba za ta girmi wannan makon ba, amma tana iya bin bayansa da watanni ko fiye da shekara.

Fentin sheƙi iri biyu ne a taƙaice. Tsohon na nitro siriri ne, yana yin rawaya, yana tsattsagewa da ƙananan layuka kamar gashi, yana kuma nutsewa cikin ƙwayar katako har ka ji layukan da yatsa. Na roba mai kauri, wanda masana'antun Asiya da Turai suka runguma daga ƙarshen shekarun 1960, yana zama sumul kamar gilashi, idan ya fashe kuma ɓantarewa yake yi. Akwai masu gwadawa da ɗigon asiton. Kada ka yi: idan nitro ne zai narke nan take, ka sami amsa ka ɓata jitar. Gam ɗin ciki ma ka duba shi. Na fata yakan bushe ya zama ruwan zuma mai ƙyalli, farin gam na zamani kuma fari-fari ko rawaya mai duhu-duhu. Martin ta koma na zamani a tsakiyar shekarun 1960.

Inda ake yawan zamewa

Sake fitar da tsohon samfuri shi ne na farko. Kamfanoni suna yin sabbin jita da tambarin da, launin da, har da tsattsagewar fenti ta gangan. Tutar Gibson ta shekarun yaƙi tana kan jita da aka yi kwanan nan. Abin da ke raba su shi ne cikin jiki: tsohon katako yakan yi duhu ta ciki, ƙura ta taru a kusurwoyin haƙarƙari, firet ɗin farko su ci, allon yatsu ya yi kwarmi a inda ake yawan dannawa.

Na biyu, jita da aka haɗa daga biyu. Wuya na wata, jiki na wata. Idan lambar tana kan kai, wuyan kawai take wa shaida. Duba mahaɗar dunduniya: bambancin launin fenti, gam da ya tsatso, ko allon yatsu da bai zauna daidai da zanen ramin sauti ba.

Na uku, takardar da aka manna daga baya. Ta asali takan tsufa tare da katakon da ke kewaye da ita. Fara tas a cikin jiki mai duhu, ko wadda ke da sawun wata mafi girma a ƙarƙashinta, ko wadda idan ka ƙara girman hotonta ka ga ɗige-ɗigen firintar gida, abin tuhuma ce. Martin da ake cewa an yi bayan 1898 amma babu lamba a jikin katakonta, sai a takarda kawai, ita ma haka.

Na huɗu, kalmar "ta zamanin shari'a" da masu sayarwa ke liƙa wa kowace jitar Japan. Ƙarar da aka sani ita ce ta 1977, wadda kamfanin da ke mallakar Gibson ya shigar kan mai shigo da jitar Ibanez ta Japan Amurka, a kan siffar kai. Jitar Japan mai kama da Martin ko Gibson tana nuna shekarun 1970 ne a dunƙule, ba ta nuna masana'anta.

Haɗa sakamakon

Ja layi a takarda. Ga kowace shaida rubuta abu biyu: shekarar da ba za ta gaza ba, da shekarar da ba za ta wuce ba. Misali, takarda ta ce Taiwan da Nippon Gakki, wato tsakanin farkon shekarun 1970 da 1987. Lamba ta fara da 4, saura 1974 ko 1984. Sai ka nemi kundin tallan kamfanin na waɗannan shekaru biyu, ka ga a wanne ne samfurin yake, da wane launin takarda, kuma ta ina ake juya ƙarfen wuya. Tsofaffin kundayen talla sun fi kowace majiya amfani wajen yanke irin wannan, domin samfura da yawa shekara uku zuwa biyar kawai suke yi a kasuwa.

Idan shaida ɗaya ta saɓa wa sauran, kada ka jefar da ita. Tambayi kanka ko abu ne da ake iya cirewa da sukurudireba ko a manna da gam. Kunnuwa, jaki, farantin da ke kare fuska daga karce, da takarda duk ana canza su. Haƙarƙari, katakon wuya na ciki da yadda aka haɗa wuya da jiki ba kasafai ake taɓa su ba, don haka maganarsu ta fi nauyi.

Kamfanonin da ke raye suna amsa tambaya idan ka tura musu lamba da hotuna masu kyau. Ga jitar aikin hannu mai daraja wadda ba ta da lamba, akwai masu auna layukan shekara na katakon fuska su gwada da jadawalin itatuwan yanki. Wannan yana nuna shekarar layi na ƙarshe da ke jikin katakon, wani lokaci har da yankin da itacen ya fito, sai a ƙara shekarun da katakon ya yi yana bushewa kafin a yi jitar da shi. Ana iya yin gwajin daga hoto mai kaifi na fuskar jitar, ba sai an kankare komai ba.